Daga Kano Zuwa Jarash: Kwana Goma Sha Biyu Tare da Masu Sake Koyon Tafiya

Mako guda bayan Ƙaramar Sallah, a watan Afrilun 2025, na tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Alƙahira, na yi rabin dare a kan kujerar jira, sannan na hau wani jirgin zuwa Amman, babban birnin ƙasar Jodan. Sana'ata haɗa ƙafar roba ce, kuma na shekara goma sha shida a kanta, mafi yawa a Kano, sai wasu shekaru a Maiduguri, lokacin da bama-bamai da harsasai suka cika ɗakunan jinya da mutanen da aka yanke wa gaɓoɓi. A can na haɗu da wani Bafalasɗine ma'aikacin gashin ƙashi da ya zo aikin wata shida, muka yi zaman amana. Shi ne ya rubuto mini cewa ma'aikatar da yake taimaka wa a Amman ta fara karɓar yaran Gaza, aiki ya fi ƙarfin hannuwan da ke wurin, in ina da hali in zo ko da na kwana goma ne. Na ɗauki hutuna na shekara, na sa abin awona da wuƙar sassaƙa filasta da hannuna ya saba da ita a cikin akwati, na kama hanya.

Filin jirgin Sarauniya Aliya yana kudu da birnin da tazarar kilomita talatin ko fiye, kuma abokina ne ya zo da kansa ya ɗauke ni. Amman gari ne da aka gina a kan duwatsu, gidajensa na farin dutse sun hau juna daga kwari har zuwa ƙololuwa, tsakanin unguwa da unguwa kuma matakalai ne dogaye masu ɗaruruwan taki. Baƙo yakan ga kyau a cikin wannan tsari, ni ma na gani, amma idon sana'a bai bar ni na huta ba, domin duk matakalar da muka wuce sai na riƙa lissafa yadda mai sanda biyu zai hau ta, da kuma mutum nawa za a nema kafin a ɗaga keken guragu zuwa samanta. Wanda ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano bai san ni'imar da yake ciki ba sai ya zo irin wannan gari.

Washegari da na shiga ma'aikatar, warin da ya tare ni a bakin ƙofa shi ne na ɗakin aikinmu na gida: robar da ake gasawa a tanda har ta yi laushi, da ƙurar filasta, da gam. Aikin ma ɗaya ne. Ana naɗe dungulmi da bandejin filasta a ɗauki siffarsa, a zuba wani filastan a cikin ƙoƙon da ya fito, a sassaƙe shi da hannu, a rage inda nama zai iya ɗaukar nauyi, a ƙara inda ƙashi yake kusa da fata, sannan a lulluɓe shi da zazzafar roba domin a sami kwarmin da dungulmi zai zauna a ciki, wanda a wurin aiki muke kira soket. Bututun ƙarfe da tafin ƙafa ana iya sayo su daga ko'ina a cikin kwali, amma soket na mutum ɗaya ne tak, kuma na wani ɗan lokaci ne a rayuwarsa. Wannan shi ne abin da masu bayar da taimako suka fi kasa fahimta game da aikinmu.

Wanda aka fara danƙa mini yaro ne ɗan shekara tara daga Han Yunus da ke kudancin Gaza, an yanke masa ƙafar hagu a ƙasan gwiwa. Yana cikin yaran da aka fara shigowa da su a watan Maris, bayan alƙawarin da Sarki Abdullahi na Biyu ya yi a watan Fabrairu cewa Jodan za ta karɓi yaran Gaza 2,000 masu fama da rashin lafiya. Ya zo da mahaifiyarsa da ƙanwarsa. Mahaifin da sauran 'yan'uwa suna can cikin tanti. Da na kwance bandejin, dungulmin ya ba ni labarin daren da aka yanke ƙafar tun kafin uwar ta buɗe baki. An yi yankan a miƙe, cikin gaggawa, ba a bar isasshen nama da za a rufe bakin ƙashin da shi ba, tabon ya manne, gwiwar kuma ta fara ƙin miƙewa saboda watannin da ya yi a zaune da ita a lanƙwashe ba tare da mai gasa masa ita ba. Ba na ganin laifin likitan da ya yi wannan aiki. Mutum ne da ya tsaya a ɗakin tiyata mai cike da jini, magani ya yi ƙaranci, wasu na jira a ƙasa, ya zaɓi ya ceci rai, kuma ya cece shi. Sai dai abin da aka yi cikin minti ashirin a wancan dare, gyaransa zai ci shekaru.

Alƙaluman da muke da su a lokacin su ne waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Satumban 2024, inda ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 22,500, wato kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka ji rauni a Gaza, sun sami raunin da zai sauya rayuwarsu, kuma an yanke gaɓoɓi tsakanin 3,105 da 4,050. Kafin ƙarshen wannan shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa, idan aka kwatanta da yawan jama'a, babu inda ya kai Gaza yawan yaran da aka yanke wa hannu ko ƙafa a duniya. Na karanta waɗannan lambobi tun ina gida, amma sai da na riƙe ƙaramin dungulmin nan a tafin hannuna na fahimci cewa kowace lamba a cikinsu aikin rayuwar wani ma'aikaci ce irina.

Uwar yaron mace ce mai natsuwa, ba ta yawan magana. Larabcina na makaranta ne, nata na gida, don haka takan sassauta harshenta saboda ni. A rana ta uku, ina cikin awo, ta ce, "Ustaz, idan an gama masa wannan, shi ke nan an gama?" Na ajiye abin awon na faɗa mata gaskiya, domin ƙarya a wannan wuri zalunci ce. Babba yana iya shekara uku zuwa biyar da ƙafa ɗaya idan yana kula da ita. Yaro kuwa girma yake yi, don haka kusan duk wata shida sai an duba shi, a ƙara tsawon bututun, a gyara soket, kuma da wuya shekara ta zagayo ba a yi masa sabo ba. Bugu da ƙari, ƙashin da aka yanke a jikin yaro yakan ci gaba da tsiro ta baki har ya soki fata daga ciki, a sake komawa ɗakin tiyata, wani lokaci fiye da sau ɗaya kafin ya gama girma. Ga kuma ciwon da yake ji a yatsun ƙafar da babu ita, wanda yake tayar da shi da dare, abin da muka sani sarai a wannan aiki kuma ba sihiri ba ne, ba taɓin hankali ba. Ta saurare ni har na gama, ta ƙirga shekarun a yatsunta, daga tara zuwa goma sha takwas, sannan ta ce, "Alhamdulillahi ala kulli halin," ta gyara wa yaron wuyan riga.

Wannan tambaya tata ta tsaya mini a rai, domin irin tunanin da ke bayanta shi ne namu a gida. Mun tara gudummawa a masallatai da makarantu saboda Gaza, kuma Allah Ya saka wa duk wanda ya bayar da alheri, amma kusan kullum abin da ke zukatanmu buhun gari ne da bargo da maganin gaggawa. Waɗannan wajibi ne, ba musu. Amma nakasa ba ta ƙarewa ranar da aka tsagaita wuta. Wanda lakarsa ta tsinke yana buƙatar robar fitsari mai tsabta kowace rana, da katifar da za ta hana masa gyambon kwanciya, da mai juya shi duk bayan awa biyu. In aka rasa waɗannan, ba harsashin ne zai kashe shi ba, ciwon da ya biyo baya ne. A ganina, duk ƙungiyar da ta ɗauki hoton yaro ranar da aka sa masa ƙafa ta farko, ta ɗaukar wa kanta bashin ƙafa ta biyu da ta uku.

Da daddare mukan zauna a ɗakin abokina muna shan shayi mai ganyen maramiyya, yana ba ni tarihin aikin a garinsu. Tun 1976 akwai Cibiyar Gaɓoɓin Roba da Shan Inna a birnin Gaza, ƙarƙashin hukumar birnin, wadda Kwamitin Red Cross na Ƙasa da Ƙasa yake tallafa wa tun 2007, shekarar da aka ƙaƙaba wa zirin takunkumi. Akwai asibitin Al-Wafa na farfaɗo da majinyata a unguwar Shuja'iyya, wanda aka rusa a yaƙin 2014. Da aka fara Zanga-zangar Komawa Gida a bakin shingen da ke tsakanin Gaza da Isra'ila ranar 30 ga Maris, 2018, dubban matasa sun sha harbi a ƙafa, an yanke wa fiye da 150 gaɓoɓi, wasu da yawa kuma suka shekara da ƙarafa a ƙauri suna yaƙi da ruɓewar ƙashi. A 2019 ƙasar Katar ta buɗe Asibitin Shaihu Hamad domin gaɓoɓin roba da matsalolin ji, shi ma yaƙin nan bai bar shi lafiya ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne kayan aiki: ƙungiyoyin agaji sun sha kokawa cewa ana riƙe sanduna da kekuna da kayan haɗa gaɓoɓi a bakin iyaka, kuma a daidai lokacin da muke wannan hira, tun ranar 2 ga Maris babu motar kaya ko ɗaya da aka bari ta shiga Gaza. Rundunar sojin Jodan ta fara wani shiri a watan Satumban 2024 na tura motoci masu ɗauke da kayan sa gaɓoɓi cikin sauri zuwa asibitinta na tafi-da-gidanka a Han Yunus. Mun yi muhawara a kan irin waɗannan ƙafafu da ake daidaitawa cikin awa ɗaya ko biyu. Ni ina da shakku a kan daɗewarsu a cikin yashi da ɓaraguzai, shi kuma ya ce wanda yake rarrafe zuwa layin ruwa ba zai jira mai inganci na baɗi ba. Na yarda da shi.

Rana ɗaya na ziyarci asibitin ƙungiyar likitoci ta Na-Gari-Na-Kowa da ke Amman, wanda aka fara a 2006 domin waɗanda yaƙin Iraƙi ya raunata, daga baya ya riƙa karɓar mutanen Siriya da Yaman da Gaza. A can na ga hannuwan roba da ake bugawa da na'ura mai fitar da siffa daga kwamfuta, da garai-garan abin rufe fuska da ake matse tabon ƙuna da shi domin kada ya kumbura. Aiki ne mai kyau ƙwarai, na kuma yi fatan wata rana a gan shi a ɗakunan aikinmu.

Amma wurin da ya sauya mini tunani ba asibiti ba ne. A rana ta takwas muka nufi arewa, muka ratsa ta sansanin Baƙa'a, wanda aka kafa a 1968 kimanin kilomita ashirin daga Amman, mafi girma cikin sansanoni goma da UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da Falasɗinawa 'yan gudun hijira, take da su a ƙasar, muka wuce zuwa Jarash. Masu yawon buɗe ido suna zuwa Jarash ne domin ginshiƙan Rumawa da dandalinsu na dutse. Kilomita biyar kacal daga nan akwai sansanin da kowa ke kira Sansanin Gaza, shi ma na 1968, wanda aka kafa wa mutum 11,500 da suka baro zirin bayan yaƙin 1967, yanzu kuwa 'ya'yansu da jikokinsu sun ninka haka a kan filin da bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba. Da yake Masar ce ke riƙe da Gaza kafin wancan yaƙi, waɗannan mutane ba su sami zama 'yan ƙasar Jodan ba kamar 'yan'uwansu da suka zo daga Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Ba su da lambar ɗan ƙasa, fasfonsu na wucin gadi ne, mafi yawansu kuma ba su da inshorar lafiya. Ga mai lafiya wannan ƙunci ne. Ga gidan da aka haifa wa yaro mai nakasa kuwa, kowace tiyata da kowace na'urar ji bashi ce ko roƙo.

Lungunan sansanin ba su fi faɗin mutum biyu ba, suna hawa suna gangara, rufin gidajen kwano ne da aka danne da duwatsu da tsofaffin tayoyi. A cikin ɗaya daga cikinsu akwai cibiyar kula da nakasassu ta al'umma, irin waɗanda mazauna sansanonin suke gudanarwa da kansu. Ɗakuna huɗu ne da tsakar gida. A ɗaki na farko wata malama kurma tana koya wa yara bakwai lissafi da maganar hannu, fuskarta tana aiki tare da yatsunta, yaran ba sa ƙifta ido. A na biyu wata yarinya 'yar shekara goma sha uku da aka haifa da shanyewar jiki tana kwance a kan tabarmar roba ana miƙe mata ƙafafu. Uwarta ce take goyo ta daga gida zuwa nan sau uku a mako, domin keken da aka ba su shekara huɗu da suka wuce ya yi mata kaɗan, kuma ko da bai yi ba, ba zai bi lungunsu ba. Na duba takalman roba masu tallafe idon sawu da ke ƙafarta, na ga sun ci mata fata. Na roƙi izini na tafi da su Amman, na gasa su na faɗaɗa, aka mayar mata bayan kwana biyu. Aikin awa ɗaya ne, amma ta yi wata takwas tana jiran mai yi.

Wannan yarinya ba bam ne ya same ta ba, don haka babu kyamarar da za ta neme ta. Irinta suna da yawa a Gaza ma, waɗanda suke da nakasa tun kafin a fara wannan yaƙi a Oktoban 2023: kurman da ba ya jin sanarwar a tashi a bar unguwa, makahon da aka sauya masa hanyoyin da ƙafarsa ta haddace, tsohon da kekensa ya rage a ƙarƙashin gini. Ƙungiyar Atfaluna, wadda take koyar da yara kurame a Gaza tun 1992, ta rasa gininta a wannan yaƙi. Falasɗinawa suna da dokar kare haƙƙin nakasassu, mai lamba 4 ta 1999, sun kuma shiga yarjejeniyar duniya kan haƙƙinsu a 2014, amma doka tana buƙatar titi da asibiti da albashin ma'aikaci kafin ta zama wani abu a rayuwar mutum. Ita kuwa UNRWA, wadda aka kafa a 1949 kuma asibitocinta su ne madogarar irin waɗannan iyalai, Amurka ta dakatar da ba ta kuɗi tun Janairun 2024, kowa a sansanin kuma yana maganar abin da zai faru idan ta durƙushe.

A hanyar dawowa abokina ya tuna mini da jaririn nan ɗan wata goma da shan inna ta shanye wa ƙafa a Gaza a watan Agustan 2024, karo na farko cikin shekara 25, abin da ya sa aka yi wa yara kusan 560,000 rigakafi a watan Satumba ana tsakiyar yaƙi. Ban iya ce masa komai ba na ɗan lokaci. Ni ɗan Kano ne, na san abin da shan inna take bari a baya. Yayyena da sa'o'ina ne suke tuƙa kekunan hannu a titunanmu, kuma sai a 2020 aka tabbatar da cewa mun rabu da asalin ƙwayar cutar. Na san cewa jaririn nan zai zo hannun wani mai sana'ata nan da shekara biyu, a yi masa ƙarfen tallafi, a riƙa sauya shi har ya yi gemu.

Ranar Juma'ar ƙarshe muka hau Dutsen Nebo kusa da Madaba. Daga samansa ana hango Tekun Gishiri da koren garin Ariha, a bayansu kuma duwatsun Ƙudus cikin hazo. Abokina ya nuna mini da yatsa inda Dutsen Zaitun yake, inda Cibiyar Gimbiya Basma take kula da yara masu nakasa tun 1965, ya kuma karkata hannunsa kudu kaɗan wajen Baiti Jala, inda Ƙungiyar Larabawa ta Baitalami take da asibitin farfaɗowa da asalinsa ya koma 1960. A can ya yi karatun aiki. Ya ce uwar da za ta kai ɗanta Ƙudus daga wani ƙauye na Gaɓar Yamma sai ta nemi takardar izini, ta sauke shi daga mota a shingen bincike, ta ɗauke shi a kafaɗa ta ratsa ƙofar ƙarfe mai juyawa. Mun daɗe a tsaye muna kallon wurin da mota za ta kai cikin awa biyu in da hanya a buɗe take.

A rana ta goma sha ɗaya aka gama ƙafar yaron. Gwiwar ba ta gama miƙewa ba, don haka na ɗan karkata soket ɗin gaba domin ya bi yanayinta. Na sa masa safa, na zura dungulmin, na ɗaure, ya kama ƙarafan dafawa guda biyu ya miƙe. Ya daɗe bai yarda ya ɗora nauyinsa a kanta ba. Daga baya ya dube ni ya ce, "Ammu, kada ka sake ni." Na ce ba zan sake shi ba. Ya yi taku shida zuwa ƙarshen ƙarafan, ya juyo, ya yi shida, gumi yana zuba daga goshinsa duk da sanyin ɗakin. Uwar ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga waya tana ɗauka domin ta aika wa mahaifinsa idan intanet ya samu a can. Kafin in tafi na rubuta dukkan awonsa a kan kati biyu, ɗaya na fayil, ɗaya na ba ta, na ce ta adana shi tare da takardun haihuwa, domin tsarin da aka kawo su a kansa shi ne su koma Gaza idan an gama jinya, kuma duk ma'aikacin da ya karɓe shi a can zai buƙaci sanin inda muka tsaya.

Na dawo Kano ta hanyar da na bi, na tarar da zafin bazara da layin masu jirana. A watan Oktoban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta lissafinta: kusan mutum 42,000 masu raunin da ba ya barin mutum yadda ya same shi, kashi ɗaya cikin huɗu yara ne, yanke gaɓoɓi kuma ya haura 5,000. A cikin makon ne abokina ya turo mini hoton katin nan, ya yi datti ya lanƙwashe a kusurwa, uwar ce ta ɗauka ta aiko masa. A ƙasan rubutuna wani ya ƙara layi da biro mai shuɗi: yaron ya ƙaru da santimita uku, soket ya fara matsa shi a bakin ƙashi, ana neman roba.